Makin Lantana

Ku matso ku ji wannan, in kun gama ji hukuncin naku ne.

A wata jami'a aka ba da umarni cewa daga bana a kwamfuta za a riƙa shigar da makin jarrabawa. A sashen tarihi akwai ɗalibar ajin ƙarshe, Lantana, wadda makarantar garinsu ke jiran digirinta ta fara koyarwa. Ta ci saba'in da takwas a darasinta na ƙarshe, amma da sakamako ya fito sai ga ashirin da tara a gaban sunanta. Malamai uku ne suka jawo mata haka.

Farfesa Mamuda shi ne mai darasin. Sau uku ana kiran horon kwamfuta bai leƙa ba. Cewa yake, "Shekara talatin ina riƙe da jan biro, yau za a zaunar da ni a koya mini latse-latse?" Ya rubuta makin daidai a takarda, ya miƙa wa Dakta Asabe har da lambar sirrinsa don ta shigar masa. Da aka bugo sakamakon, ya sa hannu bai karanta ba.

Dakta Asabe kuwa ta je horo, tana ma taƙama da shi. Ta shigar da komai daidai, sai ta ga sunayen ba su bi jerin haruffa ba. Ta sa kwamfuta ta jera su, amma layin sunaye kaɗai ta zaɓa. Sunaye suka motsa, maki suka tsaya inda suke. Ragwaye suka haye suka yi gum, Lantana ta gaji makin wani.

Lantana ta je wurin Malam Tanimu, jami'in jarrabawa, ta ce, "Malam, don Allah a duba takardata."

Ya ce, "Ke, kwamfutar gaba take yi da ke? Duk wanda ya faɗi haka yake cewa."

Bayan mako guda ya sa aka ƙone takardun amsa har da takardar makin Farfesa, wai sashe ya bar zamanin takarda, ana buƙatar ɗakin.

Sai bayan wata biyu Asabe ta gano kuskurenta, ta faɗa, amma babu sauran takardar da za a gwada. Lantana ta maimaita shekara, aikin aka bai wa wani. A gaban kwamitin bincike kowannensu ya nuna ɗan'uwansa, ba wanda aka ko tsawata wa.

To, wane ne a cikin ukun nan ya cinye wa Lantana shekararta?