Waƙar Da Labaran Ya Kasa Cewa Tasa Ce

A cikin birnin Zariya, a shekarun da rediyo mai kaset ya fara shiga kowane shago da kowace mota, an yi wani makaɗin gurmi mai suna Labaran. Duk wanda ya san kiɗa ya san Allah ya ba Labaran hannu, ya ba shi murya, ya ba shi basirar tsara magana. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: ba ya iya jin an yabi wani. In ka ce masa wane ya iya waƙa, nan take zai haɗe rai, ya yini yana tono aibin mutumin.

Wanda ya fi tsone masa ido shi ne Haruna, abokin koyonsa. Tare suka tashi a hannun Baba Jumare, tsohon makaɗin da zaurensa ke kusa da Ƙofar Doka. Haruna bai kai Labaran murya ba, shi kansa ya sani, kuma ba ya musu. Amma Haruna ba ya zama wuri ɗaya. In ya yi sabuwar waƙa sai ya ɗauka a kaset, ya sa a buga masa da yawa, ya zuba a jaka ya shiga gari. Ya ba direbobin tasha, ya ba masu shayi, ya ba maɗinkan da ke yini a zaure suna aikin babbar riga, duk kyauta. Kuma babu waƙar da zai rufe bai ce “Haruna ne na Gyallesu” ba. Baba Jumare ne ya koya musu haka, domin kaset in ya bi hannu ana ta kwafarsa, kwalin yakan ɓace, rubutun ya goge, sai abin da mawaƙi ya faɗa da bakinsa ne ke saura.

Labaran yana ganin wannan duk zubar da girma ne. Shi burinsa guda ne a duniya: ya ji muryarsa tana fitowa daga gidan rediyon Kaduna. An kuwa daɗe ana cewa ma'aikatan rediyo za su zo Zariya neman sabon makaɗi, kuma kowa ya san zauren Baba Jumare za su fara dira. Labaran ya riga ya ba kansa wannan gurbi. Don haka ya zauna a gida yana jiran a zo a neme shi.

Wata rana ya shiga bas zuwa Sabon Gari, sai direba ya danna kaset. Muryar Haruna ta cika motar, wata tsohuwa tana kaɗa kai, kwandasta yana amshi. Labaran ya sauka tun bai kai inda za shi ba. Da ya koma gida sai ya tarar da matarsa Kulu tana daka, tana rera waƙar nan dai ƙasa-ƙasa.

“Har cikin gidana?” in ji shi.

Kulu ta ajiye taɓarya. “Maigida, ai ba laifina ba ne, ko'ina ita ake ji. Kai ma da za ka ɗauki naka ka kai tasha, da taka za mu riƙa rerawa.”

“Ni in bi kwandasta da kaset a hannu? Allah ya kiyaye!”

Tun daga ranar hassada ta hana shi cin abinci da daɗi. Ya ɗauko wata tsohuwar kukuma da ya koya tun yana yaro a ƙauyen kawunsa, wadda mutanen birni ba su san yana kaɗawa ba, ya shiga ɗaki yana haɗa waƙar zambo. Abin mamaki, kiɗan da ya fito masa bai taɓa yin irinsa ba. Haushi ya buɗe masa basira, baiti na bin baiti:

Haruna Na-Kyauta, ɗan rabon kaset,
Ka bi direba, ka bi mai shayi,
Wanda bai roƙa ba ma ka ba shi,
Haruna Na-Kyauta, yaushe za ka zauna?

Kulu ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara har ya kai aya. Ta ce, “Wallahi ban taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan a hannunka ba. Don Allah ka cire sunan bawan Allahn nan, ka sa naka. Kiɗa irin wannan ba a ɓata shi a kan zagi.”

“Ke dai ki kama bakinki,” in ji Labaran.

Ya ari rediyo, ya tafi ƙauyen kawunsa, ya ɗauki waƙar a can cikin gona inda ba mai ji. Ya matse muryarsa ta koma siririya don kada a gane shi. Sunan Haruna ya fito a kowane amshi, nasa kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Da ya dawo sai ya bar kaset ɗin a kan kujerar wata bas, ya sauka abinsa. Wato mutumin da ya ce ba zai taɓa kai kaset tasha ba, ga shi ya kai, amma sunan wani ya je tallatawa.

Kafin wata ya ƙare waƙar ta game gari. Masu buga kaset suna ta kwafa, yara suna rerawa a hanyar makaranta, maɗinka suna jan zare a kan kiɗanta. Da yake suna ɗaya ne a cikinta, kowa “kaset ɗin Haruna” yake ce mata. Waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba suka fara tambaya, wane ne wannan Haruna mai rabon kaset? Aka riƙa zuwa Gyallesu nemansa, yau suna gobe biki. Shi kuwa da aka fara tsokanarsa da Na-Kyauta, sai ya yi dariya ya karɓi sunan. Labaran yana gida yana jin duk wannan, kamar zuciyarsa za ta fashe.

Baba Jumare dai kunnensa ba ya ɓata. Ya aika aka kira su biyun. Zauren ya cika da maɗinka da direbobi da ke zuwa hira wurinsa. Ya dubi Labaran ya ce, “Akwai wani salon kiɗa a cikin kaset ɗin nan da na san inda aka koye shi. Labaran, in kai ne, ka ba ɗan'uwanka haƙuri a nan, magana ta mutu.”

Da Labaran ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa, da shi ke nan. Amma ya dubi Haruna zaune cikin sabuwar riga, ya ji ba zai iya ba.

“Wallahi tallahi, Baba, ba ni ba ne. In ni na yi ta, kada Allah ya sa in ci amfaninta!”

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Ban ce ka rantse ba.”

Ba a jima ba sai ga ranar da Labaran ya daɗe yana jira. Da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar Baba Jumare, wani ma'aikacin rediyo mai suna Malam Nasidi ya fito da na'urar ɗaukar murya. Labari ya bazu, zauren ya sake cika da mutanen nan dai da suka ji rantsuwa. Labaran ya iso da gurminsa, ya sha wanka, yana cike da murna.

Bayan gaisuwa, Malam Nasidi ya zaro kaset daga aljihu ya sa. Kukumar Labaran ta tashi.

“Baba, a mota na ji wannan,” in ji shi. “Zambon ba ruwanmu da shi, ba ma sa irinsa. Amma wanda ya tsara kiɗan nan gwani ne, shi na zo nema. Muna da sabon shiri, makaɗi ɗaya muke so mu riƙa sawa duk mako. Na duba kaset ɗin ciki da waje, ba suna sai Haruna.”

Haruna ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, ni ne Haruna, amma ni ake zagi a ciki, ba ni na yi ba. Hannuna bai kai nan ba.” Ya juya wajen abokin koyonsa ya sassauta murya. “Labaran, in ka san mai ita ka faɗa. Ni dai na yafe tun tuni.”

Idanu suka koma kan Labaran. Ga abin da ya yi shekaru yana mafarki an kawo masa har zaure, kalma biyu kawai ake nema a bakinsa. Amma in ya ce shi ne, ya zama mutumin da ya rantse da Allah a kan ƙarya a gaban maigidansa, kuma a cikin birnin nan ba a manta irin wannan, har 'ya'yansa za a riƙa nunawa. Ya dubi Baba Jumare, tsohon ya kawar da kai.

“Ban san shi ba,” in ji Labaran.

“Kash,” in ji Malam Nasidi. “To, kai ma na ga gurmi a hannunka. Ban taɓa jin sunanka ba, amma taɓa mana mu ji.”

Labaran ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, sai wani tsoro ya kama shi. In ya saki hannunsa yadda ya iya, duk mai kunne a zauren zai gane hannun da ke cikin kaset. In ya buɗe murya, salon zai tona shi. Don haka ya riƙe hannu, ya danne murya, ya yi wani kiɗa salam-salam kamar na ɗan koyo. Bai kai rabi ba Malam Nasidi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce ya isa, Allah ya ƙara basira.

Sannan ya juya ga Haruna. “Kai kuwa sunanka ya riga ka zuwa Kaduna. Ɗauko gurminka.”

Ranar Juma'a da la'asar, Labaran yana zaune a tsakar gida, sai rediyon maƙwabta ya ce, “Yanzu sai ku saurari Haruna Na-Kyauta daga birnin Zariya.” Kulu ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe. Kallon nan nata ya fi masa zafi da a ce ta yi gori.

Daga baya ya ajiye kukumar a bayan ɗaki, bai ƙara taɓa ta ba. Gurmin ma a ɗarare yake kaɗa shi, har masu biki suka daina kiransa. Wata rana yana wucewa ta Ƙofar Doka, ya ji waƙarsa tana tashi daga wata bas. Ƙafarsa ta tsaya da kanta. Direban ya leƙo ya ce, “Malam, kai ma tana burge ka ko? Wanda ya yi waƙar nan ba ƙaramin gwani ba ne. Da an san shi, da yanzu ya wuce nan.”

Labaran ya dubi direban. Ya ce, “Haka ne,” ya wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda Allah ya ba wata baiwa, to ya fita da ita wurin mutane, ya sa sunansa a kan aikinsa, kada ya zauna yana jiran a zo a neme shi yana jin haushin wanda ya tashi ya nema. Kai sana'arka inda masu so suke ba ƙasƙanci ba ne. Hassada kuwa ba ta rage wa Haruna komai ba, Labaran ta cinye: ta sa ya zuba mafi kyawun basirarsa a kan sunan wani, ta kai shi ga rantsuwar ƙarya, ƙaryar kuma ta ɗaure masa baki a ranar da ya fi bukatar magana. In ka ga ɗan'uwanka ya ci gaba, ka tambaye shi yadda ya yi. In kuma ka yi masa laifi, ka ba shi haƙuri tun ana neman haƙurin kawai.