Jar Mota da Albarkar Lalla Yamna

An yi wani mutum a nan ƙasar tamu, cikin duwatsun da ke bayan garin Barkan. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin ina hango surukinsa a sahu na biyu, tun yanzu ma ya fara sunkuyar da kai. Mu kira shi da sunan da matan unguwa suka laƙaba masa: Mai Hayaƙi.

Mutumin nan ya gaji wata mota daga mahaifinsa, mai ƙofa huɗu, mai shan dizal. Mota ce ta rufin asiri, amma bai bar ta yadda ya same ta ba. Ya kai ta gareji aka taɓa injin, aka cire salansa aka maƙala wani bututu da hannun ƙato zai shige, aka sa mata baƙin gilashi da faffaɗan tayoyi. Idan ya taka ta, baƙin hayaƙi ne ke turnuƙe layi, duk matar da ta yi shanya sai ta sake wanki. Babu abin da ke faranta masa rai kamar ya tarar da mai jaki a hawan dutse, ya daidaita shi, ya ba da wuta, ya bar bawan Allah yana tari yana laluben hanya.

Duk da haka motar tana aikin alheri, ba da son ransa ba. Ita ke kai zaitun wurin matsa. Ita ke ɗauko ragon layya. Ita ke kai mahaifiyarsa, Lalla Yamna, asibiti a duba mata gwiwa. Lada na biyo shi har gida, shi kuwa yana tsaki.

Sai zafi ya shigo, lokacin da yaranmu 'yan ci-rani ke dawowa daga Turai da motocinsu. Wata rana a hanyar bakin teku, wani jan abu mai kwanciya da ƙasa ya wuce shi fiu. Mai Hayaƙi ya taka totur iya ƙarfinsa. Hayaƙi ya fita, ƙara ta fita, gudu ne dai bai fita ba. Yaron da ke cikin jar motar ya zuro hannu ta taga ya yi masa alamar sai wata rana.

Tun daga nan kuskus ɗin Juma'a ya daina yi masa daɗi. Wa ya cuce shi? Babu. Me aka ɗauke masa? Ko allura. Amma haka hassada take, ta shiga zuciyar mutum ta ce masa duk abin da ke hannunsa tsumma ne.

Ya je wa mahaifiyarsa da maganar zai sayar da kasonsa na gonar zaitun. Ta ce, "Itatuwan nan ubanka ya dasa su, yana ɗebo musu ruwa a kan alfadari. Ban yarda ba." Ya fita ya sayar. Tsohuwar motar kuma ya sallama ta ga Mimun, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa, mai yawon kasuwanni da na'a-na'a da kayan miya, wanda ya saba yi wa ba'a da cewa ko keke ya fi ƙarfinsa. Mimun na karɓarta ya kai aka mayar mata da salansa.

Ranar da ya zo da sabuwar motar da ya sayo da kuɗin gonar, ja jawur, mai shan fetur, sai ta kasa hawa zuwa gidan, domin cikinta na gogar kowane dutse. Dole tsohuwa ta dogara sanda ta gangaro. Ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta ce, "Ina kujerun baya?"

"Yemma, uwata, irin wannan ba ta da su."

"To rago fa, ina zai zauna?"

"Ba ta ɗaukar rago ba ce."

"Gonar ubanka ka sayar ka sayo takalmi ke nan." Ta juya ta hau gida. Daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su.

A shekarar ne kuma sunan Lalla Yamna ya fito a ƙuri'ar aikin Hajji, bayan ta daɗe tana jira har ta fara fid da rai. Kun san yadda muke yi: babban ɗa ke kai maniyyaci filin jirgi, a bakin ƙofa kuma ake yafe wa juna, uwa ta dafa kan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta aika aka kira shi, ta ce, "Ba na so in je ɗakin Allah da kai maƙale a zuciyata. Kai ni birnin Wujda. A ƙofar filin jirgi zan yafe maka, in sa maka albarka a gaban ƙannenka."

Ku lura, ya 'yan uwa. Ba a ce ya dawo da gona ba. Ba a ce ya yi azumi ba. Abin da aka nema a wurinsa bai wuce ya tuƙa mota ya kai uwarsa ba.

Da safiyar tafiya mata suka yi ta guɗa, sannan guɗar ta tsaya aka koma shawarar yadda za a shigar da tsohuwa. Kujerar tana can ƙasa, gwiwa kuma ba ta lanƙwasuwa. Sai da mata suka kama ta, wata ta riƙe kai, wata ta tura ƙafa, tana salati tana cewa ita ba a taɓa shigar da ita kabari da ranta ba sai yau. Akwatinta kuwa ko kusa bai shiga ba, aka ce Mimun ya biyo da shi idan ya gama ɗaure kaya.

'Yan rakiya suka bi gajerar hanya ta cikin duwatsu. Mai Hayaƙi ya ce shi kwalta zai bi saboda cikin motar. Gaskiya ce, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne ranar kasuwar mararraba ce, yana so a gan shi.

Ga mai kuma ya yi ƙasa, don tun da ya sayo ta yake yawon nuna ta gari gari. A mararrabar nan akwai Baba Buziyan, tsohon da ke sayar da mai a jarka ƙarƙashin ɓaure. Tun Mai Hayaƙi yana saurayi a wurinsa yake shan dizal. Ya tsaya a gabansa, bai kashe mota ba, sai ma ya riƙa taka totur tana ruri, mutanen kasuwa suna barin ciniki suna taruwa.

Buziyan ya matso ya yi sallama. Ba a amsa ba.

Tsohuwa ta ce, "Kai, ana yi maka sallama."

Ya yi kamar bai ji ba. Buziyan ya ƙwanƙwasa gilashi ya ɗaga murya: "Sidi, ranka ya daɗe, masha Allah! Wannan amaryar me take sha?" Ina zai ji, shi da kansa ya cika duniya da ƙara? Ya ɗan zuge gilashi, ya yarfa hannu ba tare da ya dubi tsohon ba, ya ce, "Kamar kullum, tsoho, ka hanzarta mana!"

To, kamar kullum ɗin aka yi masa. Da a gidan mai ne, da bakin famfon dizal ya ƙi shiga. Amma mazurarin Buziyan ba ya zaɓe. Ya kafa shi, ya yi bismilla, ya juye mata jarkokin dizal har ta ƙoshi.

Suka tashi da ƙara, yara na ihu. Ba su yi nisa ba motar ta fara tari. Ta yi fizga, ta yi atishawa, ta saki wani farin hayaƙin da ko tsohuwar motarsa ba ta taɓa yin irinsa ba, sannan ta mutu a gefen wata gonar sha'ir, inda babu ko inuwar kirki. Ya murza makulli, ta ƙi. Ya sake murzawa, ta ƙi. Uwar ta ce ya kira ƙannensa a waya su juyo. Ya ce, "In kira su in ce me? Yanzu za ta tashi." Rana tana ɗagawa, an ce maniyyata su hallara kafin azahar, tsohuwa tana kwance a ƙasan mota tana jan carbi, gumi na jiƙa farin mayafinta.

Can sai ga wata mota ta taho a hankali da akwati ɗaure a sama. Mimun ne, nauyin kaya ya sa shi ma ya biyo kwalta. Ya tsaya, bai yi dariya ba, ko da yake an ce sai da ya ciji leɓe. Ya ciro tsohuwa kamar mai ciro gurasa daga tanderu, ya zaunar da ita a kujerar da ta saba. Sannan ya ce, "Yaya, shigo mu tafi, akwai wuri a baya."

A nan ne, ya 'yan uwa, Allah ya buɗe masa ƙofa ta ƙarshe. Kuskuren mai kowa na iya yinsa. Abin da ya biyo baya kuwa zaɓi ne. Ya dubi kujerar baya, mai warin na'a-na'a da albasa. Ya dubi 'yan kasuwa da suka fara tahowa a kan jakuna. Ya dubi jar motarsa.

"In bar ta a nan yara su karce mini ita? In shiga Wujda a bayan Mimun?"

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, jirgi ba ya jira. Ni ma ban san ko zan dawo ba."

"Yemma, ku yi gaba. Yanzu za ta tashi, sai ma na riga ku isa."

Ta dube shi. Ta ce, "To zauna da ita. Sai ta sa maka albarka."

Tsohuwar mota ta ja. Ɗan hayaƙi kaɗan ta fitar, amma iska ta kai masa shi har hanci.

Bai riga su ba. Lokacin da Lalla Yamna ke dafa kawunan 'ya'yanta a ƙofar filin jirgi, babban ɗanta yana zaune a sitiyari, alfadarin wani manomi yana jan sa da igiya ta tsakiyar kasuwar da ya yi wa ruri da safe. Mutane suka yi layi suna masa sannu da gudu. Buziyan ya biyo shi yana rantsuwa cewa shi abin da aka ce ya zuba ya zuba.

Kuma da ya kai ta birni wurin masu irinta, wataƙila da ta tashi. Amma kunyar a ji abin da ya faru ta sa ya kai ta wurin bakaniken da ya saba gyara masa tsohuwar. Shi kuma ya naɗe hannun riga ya ce ai inji duk inji ne. Ya kwance ta ƙusa ƙusa, ya zuba kayan cikinta a kwanukan kuskus, daga nan ya kasa gane wanne ke bin wanne.

Da Hajiya ta dawo, gida ya cika, ana shan zamzam ana cin dabino. Mai Hayaƙi ya zo da ƙafa, ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ya ce a hankali, "Yemma, albarkata fa?"

Ta ce, "Yafewa na yafe, ni uwa ce. Amma albarkar da na ɗauko maka ranar nan, na ɗaga hannu na nemi kanka ban samu ba. Kan Mimun ne a wurin, a kansa na sauke."

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "A Arfa fa, kin tuna da ni?"

"Na tuna. Na roƙi Allah ya raba ka da abin da ya raba ka da ni."

A makon ne bakanike ya aiko cewa a zo a kwashe ƙarafa, yana bukatar kwanukansa.

Yau idan lokacin girbin zaitun ya zo, za ku gan shi a kan tsani a gonar ubansa, yana tsinka wa wanda ya saya, a biya shi da yamma. Idan an tashi, Mimun ke rage masa hanya, a kujerar baya.

Ya 'yan uwa, mota ba haramun ba ce, ja ce ko fara. Wanda Allah ya hore wa ya hau, ya gode. Amma mutumin nan hassada ta sayar masa da gona, girman kai ya toshe masa kunne daga sallamar tsoho, son a gani kuma ya zaunar da shi gadin ƙarfe uwarsa tana tafiya. Kowannenmu yana da jar motarsa. Ta wani shago ce, ta wani muƙami, ta wani wayar da ke aljihunsa yanzu haka tana motsi. Ka tambayi kanka tun yau: idan aka ce shigo mu tafi, me zai riƙe ka a gefen hanya?

Wanda mahaifiyarsa ke raye, kada ya jira ƙofar filin jirgi. Ya je yau ya kai mata kansa ta dafa. Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, ya yawaita mata addu'a. In an yi muku sallama kuma ku amsa, ku saurari abin da zai biyo bayanta.

Ya Allah ka tsare mu daga hassada da girman kai, kada ka bar mu mu fifita wani abu a kan yardar iyayenmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.