Injin Ban Ruwan Sallau

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don babu mai tashi daga tabarmar nan sai kun yanke hukunci.

A wani gari da ke bakin fadama akwai manomin rani mai suna Sallau. Albasa yake shukawa, da ita yake riƙe gidansa. Zafi ya shigo, albasa ta fara kumbura a ƙasa, lokacin da ba ta jure ƙishirwa ko kaɗan, sai injin ban ruwansa ya tsaya cak. Ya ɗora shi a amalanke ya kai garejin Malam Jatau. Shi Malam Jatau tsufa ya zaunar da shi a gida, ya bar garejin a hannun 'ya'yansa uku, Barau da Tanimu da Ilu, dukansu magidanta.

Barau ne babba, shi ke karɓar masu kawo gyara. Ya san aiki ya yi musu yawa, ga injuna nan a jere, amma ba ya son a kai wa garejin tsallaken titi. Ya ce, "Baba Sallau, je ka kwantar da hankalinka, gobe ruwa zai gudu a gonarka." Gobe ta yi, ya ce babu wuta. Da aka sake dawowa, ya ce an yi musu rasuwa a unguwa. Sallau ya ce, "Ɗana, in ba zai samu ba, ba ni kayana in kai wani wuri." Barau, wanda ko leƙa injin bai yi ba, ya ce, "Haba Baba, ai an gama, ɗaurewa kawai ta rage."

Tanimu ne makanikin. Matsalar injin ƙarama ce, amma garin sauri ya ɗaure noti da ƙarfi har murfin ya tsage. Mutum ne da ba ya son a ce ya yi kuskure. Sai ya rufe injin da tsumma, ya tura shi ƙarƙashin tebur, ya ce wa yayansa kayan gyaran ne babu a kasuwa. Ranar da Sallau ya ritsa shi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Injinka ne ya tsufa, haka ka kawo shi."

Ilu shi ke zuwa birni sayo kayan gyara. Ya ga tsagewar da idonsa, ya kuma san shagon da ake sayar da irin murfin. Bai saya ba, wai ba a aike shi ba. Bai tona ba, wai kada a ce ya raina yayyensa. Kullum ta gefen gonar yake wucewa a babur, yana kallon ganye na komawa rawaya. Sallau ya tare shi a hanya ya ce, "Ilu, don girman Allah gaya mini gaskiya." Ya ce, "Ni ɗan aike ne, Baba, ka tambayi manya."

Sallau da matarsa suka koma jan ruwa da bokiti daga rafi har tafin hannunsu ya sale. Ina bokiti zai shayar da gona a wannan rana? Albasa ta ƙone ƙurmus. Sallau ya cika buhu da busasshen ganye, ya je zauren Malam Jatau ya zazzage a gabansa, ya ce, "Ga gyaran da 'ya'yanka suka yi mini."

Tsoho ya kira su. Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Ga mutum a tsaye, abincin shekararsa a zube a ƙasa, amma babu wanda bakinsa ya iya furta "laifina ne." Barau ya ce bai taɓa injin ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Tanimu ya ce kowa na kuskure, kuma da Barau ya bar mutumin ya ɗauki kayansa da an gyara a wani wuri. Ilu ya ce shi bai fasa komai ba, bai kuma yi wa kowa ƙarya ba.

Malam Jatau ya rantse ɗaya daga cikinsu zai ajiye aikin gareji, ya kama fartanya ya yi wa Sallau noma har albasar baɗi ta shiga buhu.

To, ku faɗa mini: mai daɗin bakin da ya riƙe injin, ko wanda ya fasa ya ɓoye, ko wanda ya gani ya yi shiru, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya tafi gonar Sallau?