Mutumin da Ya Sayar da Gwiwar Ƙanensa

An yi wani mutum mai sayar da kayan babur a bakin titi. Shagonsa ƙarami ne, amma ba ya rasa ciniki: taya, sarƙa, filogi, birki, madubi. Mutum ne mai baki. In ya shiga ofis ba ya rawar jiki, in aka miƙo takarda ya san inda ake sa hannu. Shi ya sa a gidansu ko wace magana ta taso sai a ce, a jira Yaya.

Yana da ƙane, ciki ɗaya, nono ɗaya, ana ce masa Auta. Sana'ar Auta shimfiɗa tayil a gidajen mutane. Wanda ya san aikin ya san da gwiwa ake yin sa. Tun safe mutum yana durƙushe a kan siminti da 'yar gudumarsa ta roba, yana ja da baya har ya kai bakin ƙofa. Da wannan durƙuson yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsu.

Wata rana da hantsi Auta yana kan babur, buhun kayan aiki a baya, motar wani kamfani ta fito daga kwana ta kwashe shi. Ƙafar dama ta karye a saman gwiwa. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Kamfanin bai yi gardama ba, ya ce motarsa tana da inshora, a je can za a biya.

A faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi: Yaya ya yi tsayuwar ɗan'uwa. Shi ya yi jinya, shi ya goge masa jiki, shi ya zubar da fitsarinsa. Kada ku ɗauka da mugunta aka haife shi. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutum da ƙaho a ka, da shawara yake zuwa.

Ranar sallama, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta riƙe Yaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Kai ne babba, kai zan gaya wa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku riƙa kawo shi, a gida ma kullum a lanƙwasa gwiwar nan. Zai yi kuka, zai zage ku, kar ku ji tausayinsa. In ta daskare shi ke nan."

Ya ce ya ji. Kuma wallahi ya ji.

Sai ya fara zirga-zirgar ofishin inshora. A kan bencin jira ya haɗu da wani mai guntun yatsu, wanda ya daɗe yana bin nasa haƙƙin har masu shara sun san shi. Mutumin ya ce masa, "Malam, nan ba ciwo ake biya ba, nakasa ake biya. Likitansu zai auna ƙafar. In ta lanƙwasu, su ba ka kuɗin mota ka koma gida. In ta ƙi, to nan ne magana."

Maganar banza ce ta kan benci, amma ta bi shi har gida. A hanya akwai wani babban shago mai ƙofa biyu da aka sa haya. Kullum yana wuce shi, ranar nan sai ya tsaya ya leƙa. Ya ce wa zuciyarsa ai don Auta ne, in kuɗin suka fito sai su haɗa jari. Zuciya kuwa ba ta rasa hujja in tana son abu.

Ya ɗauko Auta ya kawo shi gidansa, wai ya fi kusa da asibiti. Ya sa shi a ɗakin baya, katifa a ƙasa, taga tana kallon bango. Sandunan tafiya ya ɗora su a saman kabad.

"Yaya, yau ba ranar gashi ba ce?"

"Gashi sai ka ce kaza. Kwanta abinka. Bari mutanen inshora su ga ƙafar tukuna. Suna biya, asibitin kuɗi zan kai ka."

Auta ya yi dariya ya kwanta. Me zai sa ya ƙi? Gashin nan azaba ne, ga kuma wanda ya goya shi yana ƙarami yana ce masa ya huta.

Matar Auta ta zo da ruwan zafi da tawul tana ɗan matsa gwiwar, Yaya ya shigo ya daka mata tsawa, ya ce yaushe ta zama likita. Tsohuwarsu ta tambaya, ya ce, "Inna, ke ba ki san aikin ofis ba." Ta bar masa maganar, tunda gaskiya ne, ba ta sani ba.

Su kuwa masu inshora ba sa sauri. A dawo mako mai zuwa. Likita ya yi tafiya. Mai sa hannu yana taro. Damina ta shigo, ta fita. Yaya yana kulle shagonsa yana zaman benci, ƙafar Auta tana ramewa, gwiwa tana zama kamar taɓarya.

Kada wani ya ce Yaya bai gani ba. Wata safiya ya tallafe shi zuwa banɗaki, ƙafar ta bugi dokin ƙofa ta ƙi shiga sai da aka karkata. Da a ranar ya ɗauke shi zuwa asibiti, da wataƙila an ceto wani abu. Sai ya ce an riga an yi nisa, saura ƙiris.

Ya 'yan uwa, mutum nawa ne "saura ƙiris" ta kai wuta?

Ranar awo ta zo. Aka kwantar da Auta a kan siririn gado mai shimfiɗar leda. Likitan inshora ya kama ƙafar ya danna, ya sake dannawa, gwiwa ko motsi. Yaya yana tsaye a jikin bango, kuma ku ji abin kunya: daɗi ya ji. Ƙanensa ya nakasa a gaban idonsa, shi zuciyarsa tana shago mai ƙofa biyu.

Likita ya ce wa Auta, "Ka je gashi kuwa?"

"Ban je ba."

"Me ya hana ka?"

"Yayana ya ce in jira ku gani tukuna."

Ba don ya tona asiri ya faɗa ba. Shi a zatonsa haka doka take. Likita ya cire tabarau ya dubi Yaya, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Karaya dai mota ce ta yi ta. Wannan kuwa ba mota ba ce." Ya juya ga Auta ya sassauta murya, ya ce gwiwar nan ba za ta ƙara durƙusawa ba sai wani ikon Allah.

Masu inshora suka biya kuɗin jinyar karaya kawai, asibiti ya karɓe abinsa, aka rufe magana. Ba tsuntsu, ba tarko.

A cikin motar komawa gida Auta ya yi tambaya guda: "Yaya, dama ka sani?" Yaya ya kafe idonsa a taga har suka sauka.

Magana ba ta kwana a ɗaki. Masu babur suka ce wanda ya sayar da gwiwar ƙanensa, birkin gaskiya zai sayar maka? Suka koma shagon gaba. Tsohuwarsa ba ta tsine masa ba, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Amma duk abin da ya aiko sai ta mayar, in ya durƙusa gaisuwa ta juya fuskarta bango.

Abin da ya ƙarasa shi masallaci ne. Auta ya fara fitowa salla da sanda, ana ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu, cikin tsofaffi, ƙafarsa a miƙe. In liman ya yi kabbara kowa ya kai goshi ƙasa, shi kaɗai ke saura a sama yana sunkuyar da kai. Kuma in an sallame sai ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, ina kwana." Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Yaya ya canza sahu, ya canza masallaci, daga baya ya daina zuwa. Mai shagon da yake haya ya karɓe mukullinsa. Matar Yaya ta kwashe yara ta koma gidansu. Yanzu an ce ana ganinsa a wata tasha yana dakon kaya, yana magana shi kaɗai.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Mara lafiya amana ne. Wanda yake kwance ya miƙa maka wuyansa, ba shi da ido sai naka, ba shi da ƙafa sai taka. In ka mai da ciwonsa jari, da wane baki za ka yi wa Allah bayani? Ku ma masu ofis, masu "a dawo gobe", kada ku yi zaton kun fita. Nama da ƙashi ba sa jiran sa hannunku, kuma kowace goben da kuka faɗa tana rubuce.

Matar Auta yanzu wankau take yi su ci. Likitoci sun ce in aka sake yin aiki, wataƙila gwiwar ta ɗan saki, ko da yadda zai zauna kamar mutane. Babu mai kai shi.

To in akwai wanda ya san tashar da mutumin nan yake, a kai masa saƙo. Gudu ba tuba ba ne, hauka ma ba biyan haƙƙi ba ce. Uwarsa tana da rai, kuma ba hawayensa take nema ba. Ya dawo ya tsaya gaban mutanen da ya yi wa ƙarya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya ɗauki ƙanensa a bayansa ya kai shi asibiti, ya yi dakon da zai biya aikin. Kafin nan ba a yafe ba. Ya yi sauri kuma, don tsohuwa ba ta da tabbacin gobe, kuma kabari ba ya amsa gaisuwa.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin da ke makantar da mutum ga jininsa. Allah kada ya sa jinyarmu a hannun mai lissafi da ciwonmu. Allah ya bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa tun a nan duniya. Amin.