Ɗangon Da Aka Tsinke Daga Marsiyyar Yarima

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan malamai da fatake, an yi wani sarki ana ce da shi Jatau. Allah ya ba shi ɗa namiji guda, Yarima Nadabo, sa'an nan ya karɓe abinsa da zazzaɓi tun bai yi gemu ba. Sarki ya daina cin abinci sai don dole. Da aka share makoki ya sa aka yi shela: duk mai iya tsara waƙa ya zo fada da marsiyyar Yarima, wato waƙar kukan mamaci.

A birnin akwai wani tsoho, Malam Ashafa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da luga da ƙa'idojin waƙa. Ɗansa Zangina ya gaji fasahar har ya fi uban daɗin murya. Waziri Barmo kuwa yana riƙe da Zangina a zuci, don ya taɓa nemansa ya yi wa wani abokin gabarsa zambo, ya ƙi.

Ranar taro Zangina ya durƙusa gaban Sarki ya fara:

Rana ta faɗi tun da hantsi, ba dawowa,
Gidan sarauta ya zama kango, ba kowa.

Bai kai ga ɗango na uku na baitin ba Waziri ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ji abin da na ji? Wace rana ce a ƙasar nan in ba kai ba? Wannan habaici ne. Faɗuwar mulkinka yake fata, a ranar kukanka."

Baƙin ciki ya riga ya toshe kunnen Sarki. Ya ɗaga hannu, dogarai suka ja Zangina zuwa kurkuku, wani rami mai danshi, ga shi dama yana fama da tari.

Malam Ashafa ya yi ta zarya ƙofar fada, yaran Waziri suna korarsa. Ya daina karantarwa, in ɗalibai sun zo su tarar da shi zaune ya ƙura wa ƙasa ido. Sai da Juma'a ta zagayo, ranar da al'ada ta hana a tare mai kuka, ya samu shiga.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo roƙo ba. Na tsufa, na manta yadda ake gaida sarakuna. Ina so Waziri ya tuna mini kirarinka."

Waziri ya gyara murya don a ji shi, ya ce, "Zaki, mai dawa! Giwa karya itace! Hadari malafar duniya!"

Malam ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Jama'a ku shaida, Waziri ya kira Sarki dabbar daji, ya ce mai ɓarna ne a itatuwan talakawa."

Waziri ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Haba tsoho! Ai wannan siffantawa ce, ko yaro ya san ta. Kwarjinin zaki ake nufi, ba jelarsa ba. Kuma ba a yanke wa magana hukunci sai an ji inda ta dosa."

Malam ya dube shi ya ce a hankali, "Ashe ka sani."

Ya juya ga Sarki. "Allah ya ja zamaninka, kowace waƙa tana da jigo, shi ne saƙon da ta tashi a kansa. Ba a gane shi da ɗango ɗaya, kamar yadda ba a gane riga da zare ɗaya. Ɗana a gabana ya tsara ta. Ka yarda in ƙarasa maka baitin da aka katse."

Sarki ya gyaɗa kai. Tsoho ya rera:

Nadabo ne ranar, ƙasa ta yi rufewa,
Allah ka bai wa uba haƙurin jurewa.

Sarki ya ja amawali ya rufe fuskarsa, amma kowa ya ga kafaɗunsa suna girgiza. Da ya samu magana ya ce, "Addu'a yake yi mini, na jefa shi rami. Maza ku fito da shi, ku kawo alkyabba."

Sarkin Dogarai ya tafi da sauri. Ya dawo yana jan ƙafa, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tarin ya ci ƙarfinsa. Da safen nan ya cika."

Malam Ashafa bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya lalubi sandarsa, ya ce a ba shi gawar ɗansa ya yi masa wanka da hannunsa.

Nan take Sarki ya sa aka warware rawanin Barmo a gaban jama'a, aka fitar da shi daga ƙasar. Ya kafa doka cewa ba za a ƙara kama mawaƙi ba sai an ji waƙarsa daga farko har ƙarshe a gaban masana, kuma a koya wa 'ya'yan fada bambancin yabo da zambo, da habaici da siffantawa, kafin a naɗa wa ɗayansu rawani.

Washegari mutanen unguwa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sarki Jatau ya taho da ƙafa, ba algaita ba tambari, ya cire takalmi a ƙofar zauren Malam, ya zauna a tabarma ɗaya da shi.

Ya ce, "Malam, nawa Allah ya karɓa. Naka ni na yi sanadi. Ban san da bakin da zan yi maka ta'aziyya ba."

Malam ya ɗan matsa ya ƙara masa wuri, ya ce, "Zauna dai, ranka ya daɗe. Yau a zauren nan babu wanda zai koya wa wani magana."

Suka zauna shiru har aka kira azahar.