Ƙadangaren Ofis da Buhu Ashirin da Biyar

An ce a wata ƙungiyar manoma akwai wani mai rubuta manhaja, Tanimu, wanda ya shirya musu manhajar rabon taki. Ya rubuta ta da irin harshen kwamfutar nan mai sauƙin kai, wanda ba ya tambayar ko lamba aka ba shi ko rubutu. Ranar rabo wani manomi ya cancanci buhu biyu a gona ɗaya, biyar a ɗaya, sai manhaja ta jera biyu kusa da biyar, ta ba shi ashirin da biyar. Ya loda mota ya tafi yana sa wa kowa albarka.

Shugaban ƙungiya ya ce kafin la'asar a kawo masa sunan mai laifi. Tanimu ya zauna zai rubuta sunan Asabe, mai shigar da bayanai, wadda aikin nan ne abincin 'ya'yanta. Sai wani tsohon ƙadangare da ke shan ɗumi bayan kwamfuta ya gyaɗa kai ya ce, "Injiniya, ajiye alƙalamin ka ji labarin Mati mai injin niƙa."

Ya ce Mati mutum ne mai kunya, yana ganin rashin tarbiyya ne ya buɗe kwanon mutane. Abin da aka miƙo, ya juye a inji ido na kallon rufi. Akwai wani koren kwano da kullum dawa ke zuwa a cikinsa. Rannan ya zo da barkono. Inji bai yi gardama ba, ya niƙe, kuma duk garin da ya biyo baya ya ɗauki rabonsa. Unguwa ta ci tuwo tana hawaye. Mati ya rantse laifin kwano ne, har ya ɗauko taɓarya zai lotsa shi.

Mai kwanon, tsohuwa Barmani, ta riƙe masa hannu ta ce, "Ɗan nan, bari in ba ka labarin kazata."

Ta ce ta yi wata kaza mai haƙuri, duk abin da aka sa mata a akurki sai ta kwanta a kai: ƙwai, gwaiba, har murfin buta. Tana kuma da zabuwa mai tsiwa, da ta ga baƙon abu sai ta cika gida da kururuwa. Barmani ta gaji ta yanka zabuwar, gida ya yi tsit. Bayan mako uku ta ɗaga kaza tana neman 'yan tsaki, ta tarar da 'ya'yan maciji shida, kaza na ta lallaɓa su, ashe maciji ne ya shigo ya saka mata ƙwai. "Ka ga," in ji Barmani, "mai gaya mini gaskiya na cinye da miyar kuka."

Mati ya ajiye taɓarya, daga ranar yake ɗaga murfi kafin ya juye.

Ƙadangare ya dubi Tanimu ya ce, "To kai ma kana da zabuwa. Watan jiya manhajarka ta yi ta fitar da jan rubutu tana cewa abin da ake ba ta ba lamba ba ne. Me ka yi mata?"

Tanimu ya sosa ƙeya, ya ce ya rufe mata baki ne don shugaba ba ya son ganin ja a allo.

Ƙadangare ya ce, "Asabe ta buga biyu, ta buga biyar, kamar yadda ka koya mata. Gurbin da ka yi mata rubutu yake karɓa. Wa ya kamata ya ɗaga murfi ya mayar da shi lamba kafin a haɗa?"

Tanimu ya jawo takarda. Ya ce, "Baba, na ji." Ya rubuta sunan kansa, ya gyara gurbin, ya mayar wa manhaja da bakinta. Yana kunna ta, ta jero masa jan layi goma sha ɗaya.

Ƙadangare ya koma ɗuminsa ya ce, "Madalla. Sauran goman ma taki ne da ya fita fiye da kima, sai ka nemi motar kwaso shi."