Dalilin da Ya Sa Ake Goya Jariri a Baya

Dalilin da ya sa kuke ganin iyayenku mata suna goya jariri a baya, su ɗaura zani, su bi shi da majanyi, ba don haka aka tarar tun farko ba ne. Wani yaro ne mai taurin kai ya jawo, shi da uwarsa da ya kai ta bango.

A can da, a kwando ake ɗaukar jariri. A shimfiɗa tsumma a ciki, a kwantar da shi, uwa ta naɗa gammo ta ɗora a ka kamar mai tallar yalo. In za ta rijiya sai ta zaɓa, ko tulu ko ɗa, don kai ɗaya gare ta. Haka kowa ya girma, ba wanda ya ga abin magana.

To, a wani ƙauye da ake kira Gangaren Ɗorawa akwai wata mata, Kuluwa, matar wani manomi Jatau. 'Ya'yanta biyu na farko a kwando suka yi wayo, ko uffan ba su ce ba. Sai ta haifi na uku, aka sa masa Nomau. Ranar da ta gama wanka ta saka shi a kwando za ta gaida dangi, tun kafin ta kai zaure ya tsala ihu. Ta sauke, ya yi shiru. Ta ɗora, ya sake. Ta ƙara tsumma, ta ƙara auduga, duk a banza.

Jatau ya ce, “Kwandon ne ke sukarsa. Bari in samo abu mai santsi.”

Ya tafi ya dawo da ƙaton masaki, ƙwaryar da ake dama kunun suna a ciki. Santsi kam akwai shi. Kuluwa na taku ɗaya yaro ya gangara hagu, ta yi na biyu ya gangara dama, kafin ta kai ƙofar gida ya yi ƙulu a goshi.

Ta ce, “Maigida, ɗa ka ba ni in ɗauka ko fura in dama?”

Jatau bai karaya ba. Ya je wajen baduku aka ɗinka masa jakar fatar akuya mai maratayi, aka ce a rataya yaro a gefe. Kwana biyu jikin Nomau ya feso da ƙurajen zafi, ga wari, ga ƙudaje suna binsu duk inda suka yi. Daga nan sai masassaƙi ya fafe masa wani guntun icce, ya goge shi sumul. Wannan kuwa Kuluwa sau ɗaya ta ɗauka, ta kwana uku ba ta iya waiwaye sai ta juya da jikinta duka.

Surukarta Inna Tabawa tana zaune a kan tabarma tana kallon duk abin da ake yi. Ta ce, “Ni dai bakwai na haifa, kwando ɗaya ya raine su. Tafiyarki ce ba daidai ba, 'yar nan. Kina taku kamar ana korarki.”

Kuluwa ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Inna.” Ta shiga ɗaki ta ciji leɓe.

Abin ya wuce wasa. Damina ta yi nisa, gayaunar gyaɗarta da ke hayin rafi ciyawa ta rufe ta, kuma da gyaɗar nan take yin man da gidan ke miya har shekara ta zagayo. Nomau ba ya barci sai a hannu, da an ajiye shi ya farka. Ya rame, muryarsa ta dushe don kuka. Ita ma idanunta suka faɗa, zaninta ya fara yi mata yawa.

Wata safiya ta ce ko ana ha maza ha mata yau sai ta yi noman nan. Ta ɗauko tsohon kwandon, ta saka shi, ta haye rafi ruwa iya idon sawu, yana ihu tana tafiya. A gona ta ajiye shi gindin marke, ta yi kunya ɗaya ta dawo ta rarrashe shi, ta koma. Har azahar abin da ta nome bai kai shimfiɗar tabarma uku ba.

Sai ta ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ta kwashi ɗa ta nufi gida. Ashe an riga an yi ruwa a kan duwatsu, rafin da ta haye da safe ya cika yana tafe da kumfa da karare. Ta ajiye kwandon a baki, ta zauna ta ba yaro nono tana tunanin yadda za ta yi. Ruwa ya taso ya lashi kwandon, ya yi gaba da shi tana kallo.

Ta ce, “Tafi. Dama me ka tsinana mini?”

Tana nan sai ga wani tsoho masaƙi, Baba Dogara, ya dawo daga kasuwa da doguwar gorarsa. Ya dubi ruwa, ya dubi sama, ya ce, “'Yar nan, in za mu haye yanzu ne. An jima kaɗan ko doki ba zai shiga ba. Zan yi gaba, ki kama gorar nan da hannu biyu, kada ki saki.”

Ta ce, “Baba, hannu biyu? Yaron fa?”

Ya ce, “Wannan kuma ke za ki san dabara.”

Kuluwa ta duba hagu ta duba dama, babu kwando, babu ƙwarya, babu komai sai zanin jikinta. Haushi ya kama ta. Ta sunkuya, ta cilla Nomau a gadon bayanta, ta ja zanin ta rufe shi, ta ɗaure a ƙirji. Da ta miƙe sai ta ji yana zamewa ƙasa. Baba Dogara ya zaro wani guntun saƙi daga kafaɗarsa, wanda ya yi kaɗan ga zani har ba wanda ya taya a kasuwa, ya ce, “Tare shi da wannan ta ƙasa.” Ta zagaya shi ƙarƙashin mazaunan yaron, ta ƙulle tamau a ciki.

Suka shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, yana fizgar ƙafafunta. Ta ƙanƙame gora tana bin sawun tsoho. Suna tsakiyar rafi sai ta lura ba ta jin kuka. Ba ta iya sakin gora ta taɓa, ba ta iya ganin bayanta.

Ta ce, “Baba, don Allah duba mini. Yana nan?”

Tsoho ya waiwayo ya ce, “Yana nan.”

“To me ya same shi ya yi shiru?”

Ya ƙara leƙawa ya ce, “Barci yake yi. Har da miyau.”

Da suka fita Kuluwa ta tsaya a bakin rafi ruwa na ɗiga daga zaninta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, “Wata huɗu, Baba. Kwando, masaki, fata, icce. Ashe abin da yake so yana ɗaure a jikina.”

Ta isa gida ta tarar da Jatau a tsakar gida yana ta fama da wani sabon abu na kaba da igiya. Ya ɗago zai yi bayani, ta ɗora yatsa a baki ta juya masa baya. Inna Tabawa ta ce, “Ɗan mutum a baya? Ba a taɓa yi ba.” Amma a hankali ta faɗa, don kada ya tashi.

Washegari Kuluwa ta tafi rijiya, ɗa a baya, tulu a ka, hannuwanta biyu suna lilo. Matan ƙauye suka saki guga suna kallo. Kafin mako ya zagayo ta gama nome gyaɗarta, Nomau ya fara kumatu, Baba Dogara kuwa ya daina saƙa komai sai wannan guntun ƙyalle, wanda aka sa wa suna majanyi.

Shi ya sa har yau ake goya jariri a baya, a ɗaura zani a bi da majanyi. Kuma da yake uwa ba ta ganin bayanta, in goyonta ya yi shiru za ku ga ta juyo wa na kusa da ita ta ce, “Duba mini, ya yi barci?”